Buhun Wakena da Ƴan Aji Biyar

Shekarar da aka mayar da ni wata firamare a wani ƙauyen Gwaram, hedimasta ya dawo daga bita a Birnin Kudu da sabon salo: a bar yara su zaɓi tambayarsu ta kimiyya, su nemo amsa a intanet da kansu, malami kuwa ya ja bakinsa. Intanet ɗin makarantar kaf wayata ce, sabis kuma sai an hau dutsen bayan aji.

Ƴan aji biyar suka ce suna son sanin ta inda ƙwari ke shiga wake. Na yi murmushi, don na sha gaya musu cewa waken ne ke haifar su in ya ji zafi. Haka kakata ta faɗa mini, ni kuma na ɗora wa maganar satifiket.

Wata yarinya mai kaifin baki, ƴar wani mai gyaran babur, ita ta riƙe wayar. Kwana uku suna hawa dutse suna harhaɗa Turanci, ni ina ƙasa ina gadin takalma. Suka sauko da labarin cewa tun a gona ƙwaron ke saka ƙwai, kuma in aka hana shi iska, mutuwa yake. Na ce ba kome waya ta faɗa ake yarda ba, sai an gwada. Na faɗa ne don a bar maganar.

Washegari suka cika jarka da wake, suka toshe bakin da leda. Na tuna musu cewa gwaji sai da wani waken da aka bari a buɗe, don a kwatanta.

"Akwai, Malam," in ji yarinyar. "Buhun da ka ajiye a siton makaranta. Mun ga ba ka ɗaure shi ba."

Noman shekarata ke nan, ina jiran ya yi tsada. Kunya ta hana ni ɗauke shi.

Bayan wata uku aka buɗe. Na jarka fes, nawa kuwa har motsi yake. Suka zana su biyun a allo, suka rubuta sunana a ƙarƙashin buhun. Mai duba makarantu ya gani, ya ce da wuya a sami malamin da zai sadaukar da abincinsa saboda ilimi. Na ce ai aikinmu ne.

A gida matata ta tankaɗe ragowar, ta ce ko ƙosai ba zai yi ba, ta watsa wa kaji. Da kaka ta zagayo ta sayo jarkoki shida ranar kasuwar Gwaram, ba ta kuwa nemi shawarata ba.