Alwatika a Kan Gwiwa

A tashar mota wani dattijo mai furfura yana zaune kan jakarsa, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, yana zana alwatika a gwiwarsa da yatsa.

"A'a, uwata, dogon gefen shi ke kallon babbar kusurwa. Sake karanto min tambayar."

Goshinsa ya tattare. Ina jin aiki ne ya nisanta shi da gida, 'yar kuma jarrabawar lissafi ta matso. Direba yana ta danna ham.

"Sayin ko kosayin? Wallahi ya shige min duhu. Daina kukan, faɗa min yadda malaminku ya ce, mu lalubo tare."

Ya ɗaga wa direban hannu ya tafi abinsa, ya gyara zama.