Mutumin da Ya Kasa Hawa Rumbunsa

Lokacin sanyi, in an idar da sallar isha'i, mukan taru a tsakar gidanmu na Kwargaba, kakarmu Ige ta hura wuta da karan dawa, ta cusa dankali cikin toka. Ba ta fara tatsuniya sai dankalin ya nuna, don ta san halinmu sarai. Ni ta fi tsokana, da yake ni ne ɓulelen gidan, kuma ba wanda ya kai ni ƙyuyar aike. Wani dare ta dube ni ta ce, "Maigidana, matso kusa, wagga taka ta."

Wai an yi wani manomi mai tsananin tsoron yunwar tsufa. Ya gina rumbun ƙasa dogo, irin namu mai baki a sama, wanda sai da tsani ake shiga. Kowace kaka ya loda damman gero, kuma ya kafa doka cewa matarsa ko leƙawa kada ta yi, rumbu na maigida ne. Da wadata ta samu sai ya sayi jaki ya daina zuwa gona da ƙafa. Ya ɗauki 'yan ƙwadago, ya rataye hauya, ya shimfiɗa buzu a gindin rumbu yana gadi. Ita ko matar tana nan da dakanta da ɗibar ruwanta.

Tsufa ya zo, fari ya biyo shi, 'ya'ya duk sun tafi ci-rani. Mutumin ya jingina tsani, ya ɗora ƙafa, gwiwa ta ce ba da ita ba. Ga hatsi maƙil bisa kansa, ga ciki yana kuka.

A nan Kaka takan miƙe ta ɗaure zane ta kwaikwayi tsohuwar. "Sai tac ce mai, 'Malam, gusa.' Tah haye sarai kamar ƙadangare. Tal leƙo daga bisa tac ce, 'Kai ka tara cikin rumbu, ni na tara cikin ƙahwahu. To yanzu wa ka ba wani?' Tun daga rannan ita ka awo, shi ka jira."

Muka yi ta dariya har dankalina ya faɗa wuta. Abin da na ɗauka a ciki shi ne kada mutum ya gina rumbu mai tsawo.

Na girma na kama aikin ofis a Goronyo, kuma wajen tanadi ban yi wasa ba. Ana cire na fansho duk wata, ina zubin adashe, ban taɓa fashi ba. Amma ko masallacin bakin layi a kan babur nake zuwa. Da na yi ritaya bara, na biya mana kuɗin Hajji ni da matata Hajara, ina ta jin kaina.

Bayan an yi mana bita kan ɗawafi da Safa da Marwa, sai na ce bari in gwada kewaya filin makarantar firamare sau bakwai. A na uku na zauna daɓas ina haki. Wani abokina malamin asibiti ya duba ni ya ce, "Mi kaka tsammani? Ƙahwa ba ta karɓar biya a dunƙule. Kullum kaɗan, kamar yadda kay yi na hwansho."

Gaskiya na tsorata. Ban tara kuɗin nan shekara da shekaru don a tura ni a keken guragu gaban Ka'aba ba, alhali ba ciwo ya kayar da ni ba, zama ne. A ranar na tuna Kaka, Allah ya jiƙanta. Har ta rasu ba ta yarda wani ya karɓi taɓaryarta ba, mu kuwa muna cewa rigimar tsufa ce.

Yanzu kullum bayan asuba muna filin nan ni da Hajara, saura wata huɗu a tashi. Jiya na yi zagaye shida. Ita ta gama bakwai ɗinta tuni, tana zaune gindin dogonyaro tana jirana. Ruwa kawai ta miƙo mini tana danne dariya. Na sha, na ce mata gobe in Allah ya kai mu tare za mu gama.