Kanwar da ba kanwa ba

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ban ce uffan ba a nan, har na ji wasu a Korahane, nan kusa da garinmu, sun fara tambayar wa zai gaji igiyoyina a kasuwar dabbobi. Ku kwantar da hankali. Mai igiya na nan.

Ciwon ƙoda ne. Da kumburin ƙafa ya fara, takalmi ya ƙi shiga, fitsari na kumfa kamar an zuba omo. Na ce gajiyar dillanci ce, na yi ta haɗiyar ƙwayoyin masu tebur. Sai da amai ya hana ni sallar asuba a masallaci sannan Hajiya Ai, mai ɗakina, ta sa aka ɗauke ni zuwa Maradi.

Aka ɗebi jini, aka duba ciki da na'ura. Likita ta ce, "Baba, ƙodarka ta kusa ajiye aiki. Tansiyo ne, hawan jini, ya cinye ta a ɓoye."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Ba na mutuwa ba, wannan tsohon alkawari ne. Tsoron injin wankin jini na ji, diyaliz. Wanda ya hau shi ya bar Dakoro ke nan, ya kama haya kusa da asibiti, ya zama baƙo har ƙarshen kwanansa. Ni kuwa a garin nan aka binne cibiyata.

Suka yi mani aiki a hannun hagu, suka haɗa jijiya da jijiya, don ranar da za a buƙaci injin a tarar da ƙofa a buɗe. Aikin da magunguna sun ci mani saniya sukutum. In ka ɗora yatsa a wurin sai ka ji yana zuuu, kamar an rufe zuma a gora. Ba a awon tansiyo a hannun, ba a ɗibar jini, ba na kwanciya a kansa, ba na jan rago da shi. Hannu ya zama sarki, ni bara.

Ranar sallama likita ta ce, "In kana son jinkirta injin, bakinka ne maganinka. Ka rage gishiri, ka rage nama da nono, ka guji potasiyom."

Ni da na yi lakwal, makarantar boko, ɗan kaɗan zamanin da, sai na gyaɗa kai. Potas ai kanwa ce, kowa ya sani. Ban tambaya ba, kada a ce tsoho bai jin faransanci.

Muka dawo gida na kafa doka: kanwa ba ta sake shiga tukunya. Miyar kuɓewa ta daina yauƙi, wake ya ƙi nuna, Hajiya ta haƙura. Da aka hana ni tsire da kilishi, sai na koma ga gyaɗa da zogale. Abokina Agali, Buzu ne, tare muka tsufa a kasuwa, ya kawo mani dabino cikin buhu.

"Ci, Bahaushe," in ji shi. "Wanga abincin buɗa-baki ne, bai taɓa kashe kowa ba."

Na ci kuwa, safe da yamma.

Wata ranar kasuwa ina tsakiyar ciniki, ƙafafu suka ce ba su san ni ba. Zuciya na bugawa tana tsallake, kamar jaki a kan tsakuwa. Aka sake kwasata sai Maradi.

Likita ta dubi sakamakon jini, ta dube ni. "Baba, mi kake ci?"

"Wallahi ko ƙwayar kanwa ban taɓa ba."

"Kanwa?"

Da na zayyana mata, ta dafe kai. Ashe potasiyom wani sinadari ne da ke ɓoye cikin abinci, ido bai ganinsa. Dabino, gyaɗa, wake, ayaba, tumatir, ganye, duk gidansa ne. Ƙodar lafiya na fitar da shi, tawa kuwa tara shi take har ya tsayar da zuciya. Ni na ɗauka duk kanwar ja ce.

Hajiya ta ce, "Ka hana mu yauƙi a banza, Alhaji."

Likita ta ce, "Kanwar ma ku bar ta. Amma in jinin nan bai sauka ba, gobe za mu buɗe hannun."

Aka yi ta ƙarin ruwa da allurai. Jinin ya sauka. Hannu ya koma gida da ƙofarsa a rufe, kuma har yau a rufe take.

Kada wani ya ce na warke. Ƙoda ba ta dawowa. Ina zuwa awo a kan lokaci, ina cin tuwo da miya salam kamar ruwan wanki. In ranar injin ta zo zan miƙa hannu ba gardama, don shi ma rahama ce. Amma ba zan tare shi a hanya ba.

Shawarata: ku auna tansiyo da sukari ko kuna jin garau. Ku bar ƙwayoyin tebur da jiƙon da ba ku san abin da ke ciki ba. In likita ya yi magana, ku ce ya faɗa da Hausa, ya kira abincin da sunansa ɗaya bayan ɗaya. Kuma abin da aka hana ni ba lalle shi za a hana ka ba, jininka za a duba.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar nan mai haƙuri da tsofaffi. Na gode wa Hajiya, da ke cin lami tare da ni alhali ƙodarta ƙalau.

Kasuwar da ta wuce na sayi ƴar maraƙa, ko yaye ba ta gama ba. Agali ya kama haɓa.

"Kai da aka hana nono, wa zai jira wagga ta haihu?"

Na ce, "Nonon naka ne, Buzu. Ni dai zan riƙe mata igiya ranar, in sha Allahu. Da hannun dama."