Makullan Sidonia

Basaraken da Sidonia ke aure ya rasu tana da shekara ashirin da huɗu. Ya bar mata ƙauyuka uku a Saksoni da jariri, Kaspar. Alƙalai suka ce ta riƙe ƙasar har yaron ya girma. Ta ɗaura makullan rumbuna a ƙugu, ba a girbi ko kamun kifin tafki sai da izininta.

Kaspar ya yi gemu, gemun ya yi furfura.

"Mama, makullan fa?"

"Sha miyarka tukuna, kada ta huce."

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, Kaspar ya matso yana miƙa hannu. Ta tsallake hannun, ta danƙa wa matarsa makullan.

"Riƙe masa, 'yata, har ya girma."