Mayen Mudi Maƙeri

Kakan kakana, Mudi, maƙeri ne a Ƙarfi tun kafin Turawa su iso ƙasar Katsina. Garma da fartanya yake ƙerawa, in rani ya yi kuma ya ja jan ƙarfe ya yi wa mata mundaye. Mutum ne mai son dariya, ga shegen surutu, kuma surutun nan ne ya so ya kore shi daga garinsu.

Wata shekara, ana gab da faɗuwar damina, ya je Kano sayen jan ƙarfe. Wani falke Balarabe ya ba shi guntun baƙin ƙarfe kamar yatsa, wanda in ya kusanci allura sai ta yi tsalle ta manne masa. Balaraben ya ce sunansa mayen ƙarfe. Mudi ya dawo yana ta murna, tun daga bakin gari yake gaya wa kowa, "Na zo da maye daga Kano, yana cikin jakata!"

To, ka san mutanenmu da maye. Ba wanda ya tsaya jin ƙarshen maganar. Mata suka hana yara bin ƙofar maƙera, manoma suka kwashe garemaninsu suka kai wa maƙeran Kafur. Gwaggo Hajo, tsohuwar da ba a yin shawara a garin sai da ita, ta rantse ta ji ana jan kurwarta. A rana ta uku mai gari ya aiko: ko Mudi ya fito da mayen nan gaban jama'a, ko ya kwashe iyalinsa ya bar Ƙarfi.

Ranar Mudi bai yi dariya ba. A nan aka binne cibiyarsa, ina zai je? Matarsa Maijidda ce ta ce, "Maigida, ka nuna musu abin da ka nuna mini jiya mana." Ta zare munduwarta ta miƙa masa, irin wadda yake naɗe jan ƙarfe zagaye-zagaye ya haɗe bakin biyu.

Da hantsi aka taru a ƙofar mai gari, kowa ya ja nesa. Mudi ya ɗaure guntun ƙarfen da zare, ya miƙa shi ga allura, ta manne. Jama'a suka yi salati.

"Ranka ya daɗe, ƙarfe kawai yake kamawa," in ji Mudi. "Ba ruwansa da mutum."

"Yau allura, gobe ni," in ji Gwaggo Hajo.

Sai Mudi ya kaɗa zaren, abin ya yi ta lilo ba ya gajiya. Ya sake kaɗawa, amma a cikin munduwar Maijidda. Mayen bai taɓa munduwar ba, bai kama ta ba, amma lilon ya yi sanyi nan da nan, ya tsaya. Mudi kansa bai san dalili ba, har ya mutu yana mamakin yadda motsin ɗaya ke tayar da wani abu a jikin ɗayan.

Gwaggo Hajo ta matso da sandarta, ta leƙa. "Sake!" Ya sake. Ta ce, "Ashe ɗan banzan tsoron munduwa yake ji!" Ta rangaɗa guɗa, wurin ya kece da dariya, har mai gari sai da ya share hawaye da hannun riga.

Garemani suka dawo maƙera kafin ruwan shuka. Mudi ya sha gaya wa mata munduwa ba ta maganin maita, su kuwa suka yi ta sa ya ƙera musu. Ta Maijidda kuwa bai mayar mata ba. Ya rataye ta a maƙera tare da mayen, duk baƙon da ya tambaya ya ce masa, "Wannan ce ta bar ni a garinmu."