Kujerar Motar Tsere da Aka Ba Ni

Na yi shekaru masu yawa ina riƙe da sitiyari, kuma abubuwa da dama sun wuce waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi dogon tunani kafin in gane su. Amma abin da idona ya gani wani hantsi a kan hanyar burjin da ta ratsa gonakin garinmu, wannan kam ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

A shekarun nan ne da aka sha wuya. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke da wuri, kwanon gero ya fi ƙarfin mai iyali, man fetur kuma sai mutum ya wuni a layi ya dawo hannu wofi. Ni a lokacin ina tuƙa wata ƙaramar bas ta haya tsakanin Gezawa da birni. Motar ba tawa ba ce, ga mata da 'ya'ya uku, ga mahaifiya a gidana. Abin da aka san ni da shi a tasha ɗaya ne: gudu. Idan na taka totur fasinja sai salati, ni kuwa a wautata ta ƙuruciya salatin nan daɗi yake yi mini.

Akwai wani dattijo a garinmu da kowa ke kira Baba. Wata tsohuwar roka, babbar motar ɗaukar kaya, yake tuƙawa, yana kwaso hatsi daga kasuwannin ƙauye yana kaiwa kasuwar Dawanau. Ban taɓa ganin direba mai tafiyar hawainiya irin tasa ba. Mu matasan direbobi mun mayar da shi abin tsokana. Kusan kullum sai na wuce shi a hanya, in danna masa hon, in leƙo ta taga in ce, "Baba, a gaida gida idan an isa jibi!" Hannu kawai yake ɗagawa.

Ana cikin haka, gab da kaka, sai ga wasu baƙi sun sauka a tsohon siton gyaɗa da ke bayan gari. Sun zo da manyan motoci cike da tayoyi da kayan gyara, da wasu ƙananan motoci biyu masu fenti ja da fari. Da aka tayar da ɗaya daga cikinsu, kajin unguwa sai da suka watse. Aka ce ƙungiyar masu tseren motoci ce, irin babban tseren nan da ake ratsa ƙasashe ana kwana da kwanaki, wanda har gidajen rediyon waje suke ba da labarinsa. Sun zo gwada motocinsu ne a hanyoyinmu, domin suna da yashi da gargada irin wanda za su tarar a can.

Ba a yi kwana uku ba jita-jita ta cika tasha. Aka ce direban motarsu ta biyu ya gudu ya koma wata ƙungiya da suke hamayya da ita. Daga nan kowa ya zama masani. Mai shayi ya ce wani Bature za a ɗauko a jirgi. Ɗan kamasho ya rantse cewa daga Ikko za a kawo wani. Wani ya ce ai direban bai gudu ba, korarsa aka yi. Da safe a ji magana ɗaya, kafin la'asar ta sake kama. Har aka wayi gari maganar ta tsaya a kan cewa ɗan ƙasa za su ɗauka, wanda ya san hanya, domin Alhajin da ke ɗaukar nauyin ƙungiyar, wani dilan motoci daga birni, haka yake so.

Da aka zo nan, duk tasha sai aka juyo ana kallona. "Ai kai ne," in ji kowa. "Wa zai ja da kai?" Ni ma na yarda. Na koma gida na ce wa matata ta kwantar da hankalinta, wahala ta kusa ƙarewa. Ta dube ni ta ce, "Malam, an kira ka ne?" Na ce ba a kira ni ba tukuna. Ta ce, "To Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri." Har haushinta na ji a ranar.

An kira ni ɗin kuwa. Mu huɗu aka kira, bisa shawarar shugaban tasha. Da na isa siton na ga sauran biyun, matasa ne irina, ban damu da su ba. Sai na hango na huɗun zaune a kan wata tsohuwar taya yana jan carbi. Baba ne. Dariya ta kusa ƙwace mini.

Shugaban ƙungiyar wani Bature ne dogo mai furfura, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Babban makanikensu kuwa mutumin Kano ne, shi yake yi mana bayani. Ya nuna mana hanyar: za a tashi daga siton, a bi burji ta tsakanin gonaki, a sauka wata busasshiyar ƙorama, a zagaya ta gindin wata babbar kuka, a dawo ta burtali. An riga an sanar da manoma, an tsayar da mutane a kowace mararraba. Kowa zai yi zagaye ɗaya a hankali don ya saba da motar, sannan ya yi na biyu a kan agogo.

Matasan nan biyu suka yi nasu. Ɗaya ya kafe a yashin ƙorama sai da aka turo shi. Da aka zo kaina, na sa hular kwano, aka ɗaure ni da bel, na taka motar nan iya ƙarfina. Ban taɓa jin abu mai amsa kira irinta ba. Na yi ta faɗa da sitiyari, na daki rami biyu, na kwashe karan dawar wani bawan Allah a kwanar kuka, amma na iso. Mutanen da suka taru suka yi ta tafi da sowa. Makaniken ya duba agogo ya gyaɗa kai. Na fito ina jin kamar an gama magana.

Sai aka zo kan Baba. Dokarsu ita ce mutum biyu ne a mota, kuma ma'aikacinsu da yake zama gefenmu ya ce kansa ya fara juyawa. Baba ya waiga, ya nuna ni. "Ɗan nan ya zo ya zauna," in ji shi. Na shiga ina murmushi, ina tunanin labarin da zan kai tasha.

Zagayen farko ya yi shi kamar yadda na zata, a hankali. Amma na lura ba hanya kawai yake kallo ba. Ya karkata kansa gefe yana sauraron injin. Ya taka birki sau biyu a inda babu dalili. Ya ɗan girgiza sitiyari a kan yashi, ya ce a hankali, kamar da motar yake magana, "To, haka kike."

Muka dawo layi. Makaniken ya ɗaga tuta. Baba ya ce, "Bismillahi," aka sauke tutar.

Har yau ban sami kalmomin da za su ɗauki abin da ya biyo baya ba. Bayana ya manne da kujera. Dawar da ke gefen hanya ta daina zama kara-kara, ta koma bango ɗaya kore. Na duba allon gudu sau ɗaya, ban sake yarda na duba ba. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, motar ba ta tsalle-tsallen da ta yi a hannuna. Ramukan da na daka, shi ko taɓa su bai yi ba, kamar an share masa hanyar. Hannunsa a kan sitiyari sakwa-sakwa, kamar mai riƙe da ƙwai.

Da muka tunkari ƙorama na ƙanƙame bel, domin a nan kowa ke rage gudu. Shi kuwa sai ya ƙara. Ya ce, cikin muryar da mutum zai tambayi lafiyar gida, "Ta hagu yashin ya fi tauri, nan mata ke bi zuwa rijiya." Muka ratsa ta kamar a kan kwalta.

Sai kwanar kuka. Na ga gindin bishiyar nan yana taho mana, kauri kamar ɗaki, Baba kuma bai taɓa birki ba. Na buɗe baki, na ji kaina ina kalmar shahada da ƙarfi. A daidai lokacin ya sauke giya, ya ɗan karya sitiyari, motar gaba ɗaya ta juya ta tafi a kaikaice, gefena yana fuskantar inda za mu, hancinta yana kallon kukar. Muka zagaye ta a haka, kusa ƙwarai har na ga tsagar ɓawonta, sannan ya miƙe motar da taɓawa ɗaya muka faɗa burtali. Ko kara ɗaya na gonar mutane bai karya ba.

"Ka yi shahada, ka kyauta," ya ce. "Amma buɗe idonka, ɗana. Nan gaba akwai tudu."

Da muka tsaya, ba wanda ya yi tafi. Makaniken ya duba agogo, ya girgiza shi, ya miƙa wa Baturen. Baturen ya duba, ya cire hularsa, ya tako har bakin taga ya tsaya yana kallon Baba. Daga baya makaniken ya gaya mini cewa Baba ya wuce ni da nisa, kuma abin da ke tsakaninsa da babban direbansu, wanda ya yi shekaru yana wannan sana'a, bai kai a yi numfashi uku ba. Ni kuwa sai da aka kama hannuna na fito.

Da Baba ya fito, na zauna kusa da shi a inuwa, na ce, "Baba, a ina ka koyi wannan?"

Ya ce da ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana tuƙa motar asibiti a can arewa, inda babu hanya sai sawun raƙuma. "Idan mace tana naƙuda a bayanka, dole ka yi sauri, kuma dole kada ka girgiza ta. A nan na koya."

"To me ya sa kake tafiya a hankali da roka?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Abincin mutane ne a bayana, a wannan shekara. Tayoyina kuma sun tsufa. Gaggawar me zan yi?"

Na tafi gida na tabbata Baba ya samu, kuma wallahi raina bai yi ƙyashi ba. Amma bayan kwana biyu sai aka aiko kirana. Na tarar da Alhajin da kansa a siton, Baturen yana gefe fuskarsa a ɗaure. Alhaji ya ce ni aka zaɓa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai Baba ya fi ni nesa ba kusa ba."

Ya ce, "Na sani, an gaya mini. Amma hoton direba za a buga a jarida kusa da motocina. Matashi nake so, wanda zai iya karanta takarda ya yi magana da 'yan jarida. Kana so ko in nemo wani?"

Na roƙi a ba ni zuwa gobe. Daga nan gidan Baba na wuce, na same shi a ƙofar gida yana gyaran igiyar ɗaure kaya. Na tsuguna na gaya masa komai, na ce ni ba zan karɓi abin da yake haƙƙinsa ba. Na san shi ma yana cikin matsi, domin har iyalan ƙaninsa marigayi shi yake ciyarwa.

Ya ajiye igiyar. Sannan ya ce, "Na so wannan aiki, ba zan ɓoye maka ba. Amma idan ka ƙi, ba ni za su ba ba, wani za su ɗauko daga birni. Ka karɓa. Sai dai yadda kake tuƙin nan, ba za ka dawo wa 'ya'yanka da rai ba. Gobe bayan sallar asuba ka same ni."

Mako uku ya yi yana koya mini, a cikin bas ɗin da nake tuƙawa, a kan hanyoyin gona. Ya koya mini karanta launin ƙasa, da sauraron injin, da sanin inda ake haƙuri don a samu sauri a gaba. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma taɓa tuna mini tsokanar da na yi masa ba.

Na je tseren. Ban ci ba, ban ma kusa ba. Amma motoci da yawa na manyan direbobi sun mutu a hanya, ni kuwa na kai tawa har ƙarshe lafiya. Aka buga hotona a jarida, aka yi ta zuwa gidanmu barka, abin da na samu kuma ya fitar da gidana da na Baba daga wannan shekara. A duk abin da aka rubuta, babu inda aka ambace shi.

Yanzu idan na ji 'ya'yana suna musu a kan wane direba ne zai koma wace ƙungiya a manyan tseren duniya, suna cewa wane aka ɗauka saboda ya fi kowa, sai Baba ya faɗo mini a rai. Ni an taɓa ɗaukata, kuma na san wanda aka bari. Abin da na koya shi ne, zaɓen mutane yana da dalilai da yawa, cancanta ɗaya ce kawai daga cikinsu. Wanda aka ba kujera kada ya ɗauka ya fi kowa. Kuma kada ka raina mutum don ba ka ga abin da ya iya ba, domin akwai bayin Allah da aka ba baiwa mai girma, suna nan cikinmu suna harkarsu, ba su ga dalilin nuna ta ba.