Hantsakin Inna

A ƙauyenmu na kusa da Illela, mace ba ta zama hira da mijinta a tsakar gida surukai na kallo. Sai da dalili. Dalilin Inna kuwa ƙaya ce.

Ita da kanta ta je wurin maƙerin unguwarmu, ina biye da ita, ta ce ya ƙera mata abin cire ƙaya. Ya ɗauko guntun ƙarfen tsohuwar mota da ya samo a Konni, ya tura cikin gawayi, ya yi ta zuga har ya yi jajir. Ya raba shi uku a kan uwar maƙera. Ɗaya ya fafe shi ya lanƙwasa ya zama hantsaki, ɗaya ya ja shi siriri ya zama tsinke, na ukun ya fito 'yar wuƙa kamar ganyen dabino. Ya tsoma bakin kowanne a ruwa, ya zura su a zobe guda, ya daddage zoben da zafinsa.

Kullum Baba ya dawo gona, bayan la'asar, sai ta shimfiɗa tabarma.

"Malam, miƙo ƙahwa."

Ta kankare kaushi da wuƙar, ta tone da tsinken, ta zare ƙayar aduwa da hantsakin. Aikin da bai kai a dafa shayi ba, sai ya kai su magariba. A nan ake maganar gero da auren yayata, a nan kaɗai nake jin dariyar Inna.

Da damina ta ƙi kyau shekara biyu a jere, Baba ya samu aiki a ma'aikatar siminti ta Malbaza. Aka ba shi wasu jibga-jibgan takalma. Kowa ya yi murna, har kakata, uwar Baba, ta sa aka kai su gidan maƙwabta a gani. Ni dai na tsane su. Ranar hutunsa ta farko Inna ta shimfiɗa tabarma, ta juya tafin ƙafarsa, ta duba, ta sake dubawa. Babu ko ƙaya ɗaya. Kakata na zaune tana kallo, dole Inna ta naɗe tabarma ta koma madafa. Tausayinta ya kama ni.

Haka aka yi wajen wata biyu. Hantsaki ya koma rataye a bango, tsatsa ta fara cinsa.

Wata ranar hutu muna sussuka muka hango Baba tafe daga inda mota ke sauke shi. Bai bi hanya ba, ya ratso ta cikin gonaki, takalman na rataye a kafaɗarsa.

Kakata ta riƙe baki. "Kai ko mi ya same ka, ga takalmi kana tahiya ƙasa?"

"Matse ni sukai, Iya," in ji shi.

Inna ta ajiye taɓarya. Ta shiga ɗaki ta sauko da hantsakin, tana goge tsatsar da bakin zanenta.